Ɗaurin Talala: Nasiha Ga Ɗana Mai Kare

Ɗana,

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan la'asar, ina zaune a gindin dalbejiyar ƙofar gida na hango ka tafe daga wajen hanyar Dabai, kai da karen nan naka Guguwa. Kana riƙe da wani abu na roba mai kama da ƙaramar rediyo, igiya tana fita daga bakinsa tana komawa da kanta. Kare ya yi gaba, igiya ta miƙe. Ya juyo, ta haɗiye kanta. Yara sun biyo ka suna kallon abin mamaki, kai kuwa sai ɗaga kafaɗa kake yi kamar wanda ya yi kaye ranar bikin Uhola. Na yi dariya. Amma da na lura igiya tana hannun dama, waya tana hannun hagu, idonka kuma yana kan wayar, sai dariyar ta maƙale mini a wuya. Ban ce maka uffan ba, domin ba a yi wa namiji gyara a tsakiyar tsaransa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ka karanta kai kaɗai, in ka ga da amfani ka miƙa wa abokanka masu irin wannan sha'awa.

Ka san kafin in ajiye aiki na yi shekaru ina malamin dabbobi. Na zaga Mahuta, na zaga Ribah da Wasagu da Dirin Daji, da akwatin allura ɗaure a bayan babur, tun muna cikin Jihar Sakkwato har aka yanke mana Kebbi a 1991. Shanu da awaki ne yawancin aikina, amma karnuka ma sun sha bi ta hannuna, haka mutanen da kare ya ciza. Abin da zan faɗa maka, ido ne ya gani.

Kada ka zaci zan ce ka rabu da karenka. Ƙasar Zuru ta san kare tun kaka da kakanni: da shi ake fita farauta bayan an kawar da amfanin gona, shi ke kwana a bakin rumbu, shi ke fara jin motsin baƙo kafin mai gida ya farka. A wannan zamani da barci ya yi wa mutanen karkararmu wuya, ba wanda zai ga laifin mai kiwon kare don gadi. Malamai sun karantar da mu cewa shari'a ta yarda da ajiye shi don farauta, ko tsaron dabbobi, ko gadin gona, da yawansu kuma sun haɗa da gadin gida idan bukata ta kama. Ana ma ba da labarin cewa Ibn Abi Zaid, mai Risalar nan da ake karantawa a zaurukanmu, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi. To amma duk wanda ya ajiye dabba ya ɗauki amana biyu: haƙƙin dabbar a kansa, da haƙƙin mutane kada dabbarsa ta cuce su. Igiyar da ke hannunka tana tsakanin waɗannan amanoni biyu ne.

Bari in fara da ita kanta igiyar, domin wanda bai san cikin abu ba, ba ya sanin inda zai ba shi kunya. Dabarar ta tsufa. Tun a 1908 wata mata mai suna Mary Delaney ta yi rajistar irinta a Amurka. Amma wadda ta cika duniya ta fito ne daga Jamus, inda wani mutumin Hambug mai suna Manfred Bogdahn ya haɗa ta a farkon shekarun 1970, ya kafa kamfanin flexi a 1973. Ta farko da ya haɗa, da kayan tayar da injin yankan itace ya haɗa ta. Kai da ka saba jan igiyar janareta ka sake ta ta koma, ka riga ka san sirrin. A cikin robar nan akwai ɗan gare-gare da igiya ke naɗe a jikinsa, akwai sifirin mai mayar da shi baya, akwai maɓalli a ƙarƙashin babban yatsanka. Ka danna ka riƙe, birki ya kama. Ka tura ɗan makullin da ke kusa da shi, igiya ta tsaya a tsawon da ka zaɓa har sai ka buɗe. Shi ke nan, babu wani siddabaru.

Ga abin da yawancin masu saye ba su sani ba: sifirin ɗin nan ba shi da ƙarfin jawo kare. Aikinsa kawai ya kwashe igiyar da ta yi sako-sako. In Guguwa ya kai ƙarshen mita 5 ya kafe, ko ka danna maɓallin nan sau ɗari ba zai matso ko taku ɗaya ba. Mutanenmu suna da sunan wannan irin ɗauri tun kafin Bature ya sa shi a roba. Talala ke nan. Ka ga yadda ake yi wa doki ko akuya da damina: a ba ta doguwar igiya ta yi kiwo, ta ji kamar a sake take, alhali iyakarta tana nan. Sai dai talalar akuya tana da turke, turke kuwa ba ya duba waya, ba ya tsayawa gaisawa, ba ya mantuwa. A wannan talalar kai ne turken.

Zan ba ka labarin abin da ya faru a ƙofar gidan nan shekara biyu da suka wuce, a daidai inda ka tsaya ka gaishe ni. Wani saurayi ya kawo mini karensa in duba masa kaska a kunne. Kare ne ƙosasshe, jinin waje, irin wanda ake ce wa na 'yan sanda. Yana riƙe da shi da irin igiyarka, amma mai siririn zare kamar tsarkiyar baka. Muna cikin gaisawa, maɓalli a buɗe, sai kazar maƙwabta ta ɓullo da 'yan tsakinta. Kafin ka ce kwabo kare ya zabura. Na ji gare-garen yana kuka, fiii, kamar mazarin kaɗi. Yaron ya ruɗe, ya manta da birki, ya kai hannun hagu ya cafke zaren tsirara. Zare mai gudu wuƙa ne. Ya yanka masa yatsu uku a gaɓa, har na hango fari a ciki kafin jini ya rufe. Zafi ya sa ya saki mariƙin. Mariƙi ya faɗi, sifirin ya shiga aikinsa, robar ta bi kare tana ƙwaram-ƙwaram a kan tsakuwa. Kare ya waiga ya ga wani abu yana bin sa da ihu, ya manta da kaza, ya miƙe sai titi. Can ya gitta gaban wani ɗan kabu-kabu da ya ɗauko wata mata da jarkar manja. Babur ya kwanta, matar ta gurje gwiwa da hannu, manja ya malale a kwalta kamar an yi yanka.

Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba, karen ma ya tsira da ɗingishi. Amma maganar sai da ta kai gaban mai unguwa. Uban yaron ya biya gyaran babur, ya biya magani, ya biya manja, aka yi wa ɗansa ɗinki a yatsu. Shi kansa hatsarin kuwa bai kai minti ɗaya ba. Da na ɗauki robar daga baya na juya bayanta, sai na ga an rubuta ta karen da bai wuce kilo 12 ba ce, shi kuwa wancan ya ninka haka har da ɗoriya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Saboda haka tun daga wajen saye ake fara gyara. Kafin ka je kanti, ka san nauyin karenka. Ka je wurin masu awon hatsi ko duk inda akwai sikeli, ka hau kai kaɗai, sannan ka rungumo shi ku hau tare, ka debe na farko daga na biyu. Kowace igiya ta kirki tana da iyakar nauyi a rubuce a kwalinta ko a jikinta. Ka ɗauki wadda ta fi nauyin karenka, kada ka ɗauki wadda ta yi masa cif-cif, domin kare mai gudu ya fi kare mai tsayuwa nauyi a hannu. In kwikwiyo ne, ka tuna gobe ba haka zai kasance ba.

Iri biyu ne za ka tarar: mai zare da mai faɗi kamar tef ɗin awon tela. Ka ɗauki mai faɗin. Ta fi ƙarfi, ba ta saurin yanka fata, kuma ido yana ganinta. Siririn baƙin zare da magariba ba ya ganuwa. Mai keke ko yaro mai gudu zai hango mutum a nan, kare a can, ya ɗauka tsakaninsu fili ne, ya shiga. In ka samu mai launin ɗorawa ko ja, ko mai ƙyalli idan fitila ta haska ta, ita ce taka. Tsawo kuwa ana yin su mita 3, 5, 8, har 10. Don cikin gari 3 ko 5 ta wadatar. Duk abin da ya wuce haka na fili ne fetal, inda za ka hango mai zuwa tun daga nesa.

Kada ka biya sai ka gwada. Ka jawo ta har ƙarshe ka duba ko akwai inda ta fara tsefewa. Ka bar ta ta koma a hankali, ka kasa kunne: in tana sarƙewa ko tana tsayawa a hanya, ajiye ta. Ka ba mai kanti bakin ya fizga da ƙarfi kai kuma ka danna birki. In ta zame ko da ɗan yatsa ne, ba ta yi ba. Ka duba ƙugiyar, ta kasance ƙarfe mai kauri, mai juyawa, mai rufewa ƙam. Ka zura hannunka a mariƙin ka ji ko ya zauna, ko da gumi. Kasuwa cike take da jabu masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni, roba kamar ɓawon ƙwai. Araha ba ta ado, balle a kan abin da ke tsakanin karenka da tayar mota.

Sannan ina za ka maƙala ta? Na ga ka sa wa Guguwa sarƙar nan mai zargewa a wuya. Cire ta. Sifirin kullum yana ɗan jan igiya, saboda haka sarƙar ba za ta taɓa saki ba, ranar da ya zabura ya kai ƙarshen igiya kuwa, duk ƙarfin gudunsa a maƙogwaronsa zai sauka. Ka nema masa ɗamarar ƙirji, wadda ke zagaye kafaɗu da ƙirji, zobenta a gadon baya. In babu a kanti, mai ɗinkin jaka ko baduku zai haɗa maka da ɗamara mai ƙarfi in ka nuna masa hoto. Ka bar sararin yatsu biyu tsakaninta da jikinsa. Igiyoyi masu kyau kuma suna zuwa da wani ɗan madauri na biyu da ake zagaya wa wuyan kare a haɗa da ƙugiyar. Kada ka yar da shi. Amfaninsa, in zobe ya ɓalle, ƙugiyar ƙarfen nan ba za ta dawo da gudu ta same ka a ido ko a haƙori ba.

Yanzu sai babbar magana. Ba kowane kare ya cancanci talala ba. Hausawa sun ce ba a kiwon kare ranar farauta. A da, na ga yadda tsofaffin mafarauta ke yi: su zura igiyar rama ta cikin abin wuyan kare, su riƙe bakin biyu a hannu ɗaya, kare yana tafe a gefen ƙafarsu ba ja ba fizga. Sai zomo ya tashi su saki baki ɗaya, igiya ta zare, kare ya tafi. In sun yi fito ya dawo. Igiyar ba ta da wani ƙarfi. Tarbiyyar ce ke riƙe da karen. Kai ma da gajeriyar igiya za ka fara, ta mita ɗaya da rabi ko biyu, wadda ba ta miƙewa. Ya ja, ka tsaya cik. Ya saki, ku ci gaba. Ka kira sunansa, in ya zo ka ba shi guntun busasshen kifi ka shafa kansa. Kullum kaɗan-kaɗan, ba duka, ba tsawa. Duka yana koya wa kare tsoron hannunka, kare mai tsoron hannu kuwa ba ya zuwa ranar da kake matuƙar bukatar ya zo.

In ka ba karen da bai koyi wannan ba igiya mai miƙewa, ka koya masa kishiyar abin da kake so. Ya ja, ta ba shi. Ya ƙara ja, ta ƙara masa. Cikin mako biyu ya haddace cewa ja shi ne hanyar samun abin da rai ke so. Shi kuwa karen da ya taɓa cizo, ko mai hargagin kai wa mutane da awaki hari, ko irin manyan nan da suka kusa nauyin mutum, ba ruwansu da wannan igiya sam. Nasu gajeriyar igiya ce mai kauri, da takunkumi in za a shiga mutane. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, haka ita ma robar nan ba ta kai bakin kowane kare ba.

In Guguwa ya ci wannan jarrabawa, to ga yadda ake tafiya. Daga ƙofar gida har ka fita daga mutane, igiya a kulle take, gajere, kare a gefenka ta ɓangaren da ba titi ba. Yi lissafi da kanka: in yana gabanka da mita 5, yana iya karkatawa gefe mita 5 ba tare da igiyar ta ƙara ko taƙi ɗaya ba. Faɗin hannu ɗaya na kwalta bai kai mita 4 ba. Ke nan kana tafe a gefen hanya hankali kwance, birki a danne, karenka kuwa yana iya kaiwa tsakiyar titi. Ka san yadda manyan motoci ke shigowa daga hanyar Rijau da Kwantagora, ka san 'yan kabu-kabu ranar kasuwa. Haka a kwana, haka a bakin lungu, haka a ƙofar gidan mutane: kada kare ya riga idonka shan kwana, domin ba ka san ko yaro ne ke rarrafe a can ba, ko tsohuwa da tulu a ka.

Sai kun kai fili, ka duba gabas ka duba yamma, sannan ka buɗe masa. Babban yatsanka kada ya bar kan maɓalli. Ka riƙa karanta karenka: in kunnuwa suka miƙe, jiki ya sandare, wutsiya ta tsaya, ya ga wani abu ke nan. A lokacin ake danna birki, tun bai ɗauki gudu ba. In ka bari ya yi nisa sannan ka danna, ko dai kafaɗarka ta amsa, ko mariƙi ya fice, ko ka sha ƙasa. In kana son ka dawo da shi kusa, ka kira shi, ka miƙa hannu gaba sifirin ya kwashe abin da ya saki, ka danna birki, ka jawo hannu baya, ka sake miƙawa, kana yi kana matsawa wurinsa. Kamar mai jan guga ne, sai dai hannu ɗaya ke aikin, ɗayan kuma ba ya taɓa igiyar ko da wasa. Kada ka naɗe ta a yatsa, kada ka bari ta zagaye ƙafarka ko ta wani. In mariƙi ya kuɓuce, kada ka bi kare da gudu kana ihu. Tsuguna ka kira shi da muryar da ka saba kiransa cin abinci. Yana da kyau ma tun a tsakar gida ka riƙa sakin robar a ƙasa da gangan kana ba shi ɗan kifi, har ƙarar ta daina firgita shi. Kuma kada ka ba ƙannenka riƙo, komai kukansu.

Wurin da ka ga fili ne ma, ka tuna yana da masu shi. Da damina gonar dawa da masara da gyaɗa sun zagaye garin nan, mai gona kuwa ba zai ji daɗin ganin kare yana tumurmusa masa kunya ba. Saniya mai ɗan maraƙi ba ta san wasa ba, makiyayi ma haka. Cikin ciyawa da gindin duwatsu akwai kububuwa, kare kuwa hanci yake fara turawa. Kada ka yi nisa cikin daji kai kaɗai, kada magariba ta same ka a bayan gari. Ka san halin rashin tsaro da ake ciki. Kuma kowa ya san kare yana da kasuwa a ƙasar nan. Wanda ya bar nasa yana gararamba, wata rana sai dai ya ji labari.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabci, wanda shi ne ya fi damuna. Garin nan Allah ya haɗa mu: Musulmi da Kirista da masu bin al'adar gargajiya, Lelna da Hausawa da Fulani da sauran baƙin da bariki da Jami'ar Aikin Gona suka kawo mana. Wani a gidansu kare kamar ɗan gida ne. Wani kuwa in kare ya shinshini rigarsa yana hanyar masallaci, sai ya koma ya sake wata, ransa a ɓace. Wani tun yana yaro kare ya bi shi, har gobe gabansa faɗuwa yake. Kalmar nan da kuke yawan faɗa, wai ba ya cizo, ba ta kwantar wa kowa da hankali. Kai ka san shi, su ba su san shi ba. In ka hango mutum, tattara igiya, kulle, koma gefe, ka yi masa sallama ya wuce. In kare ya yi kashi a ƙofar gidan wani ko a hanyar mutane, ka kwashe da leda ko ka binne. Ba ƙasƙanci ba ne. Zaman lafiyar unguwa da irin waɗannan ƙananan abubuwa ake ɗinka shi.

Duk igiyar duniya kuwa ba ta kai allurar rigakafin haukan kare muhimmanci ba. Na taɓa zuwa wani ƙauye yi wa shanu allura, aka kira ni in duba wani yaro, wai ko ina da magani. Kwikwiyo ne ya ɗan yage shi a dunduniya wata biyu kafin nan. Aka shafa magani, ciwo ya warke, kowa ya manta. Na same shi a ɗaki yana zufa, yana roƙon ruwa. Uwarsa ta miƙo masa moɗa, da ganin ruwan sai maƙogwaronsa ya shaƙe, ya ture da ƙarfi yana kakari. Na fito na zauna a bakin zaure, na rasa abin da zan ce wa ubansa, domin na san in cutar nan ta bayyana, sai dai addu'a. Bai kai kwana uku ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma wajen 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Abin takaicin, rigakafinsa yana nan tun 1885, lokacin da Louis Pasteur ya ceci wani yaro da shi a Faransa. A ƙasarmu ma cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom kusa da Jos, wadda ke can tun 1924, tana yin allurar karnuka. Masana sun ce in aka yi wa karnuka 7 cikin 10 na gari allura, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Saboda haka ka kai Guguwa asibitin dabbobi. Ana fara yi wa kwikwiyo yana wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara. Ka karɓi kati, ka adana shi kamar takardar fili. Kowace 28 ga Satumba ranar yaƙi da wannan cuta ce a duniya. Ka mai da ita ranar duba katinka.

In tsautsayi ya sa ya ciji wani ko ya yage shi, kada ka ɓoye, kada ka tsaya gardama. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, a kai shi asibiti a ranar, a bar ma'aikatan lafiya su yanke shawarar allura. Kai kuma ka tsare karen kwana 10 ana lura da shi, ka sanar da malamin dabbobi. Kada a rufe ciwon da gashin kare ko toka a ce an gama. Rigakafi ya fi magani, a nan kuwa bayan rigakafi babu wani maganin.

Shi ma karen yana da haƙƙinsa a tafiyar. A bazara, watan Maris da Afrilu, kwalta tana gasa tafin ƙafarsa. Ɗora bayan hannunka a ƙasa. In ba ka iya jurewa, shi ma ba ya iyawa. Ku fita da sanyin safiya ko bayan la'asar sakaliya, ka riƙe masa gorar ruwa. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafi. Ka tuna labarin da malamai ke ba mu na wanda Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. In kun dawo ka duba tsakanin yatsunsa da kunnuwansa saboda ƙarangiya da kaska.

Ita ma igiyar tana son kulawa. Ƙurar hunturu da taɓon damina su ne ajalinta. In ta jiƙe, jawo ta duka, kulle, goge da tsumma, bar ta ta bushe a inuwa kafin ka mayar. Duk mako ka duba kusa da ƙugiya, nan take fara ci. In ta fara tsefewa ko birki ya fara zamewa, kada ka ƙulla, kada ka kai wa mai gyaran rediyo ya buɗe, domin sifirin ɗin ciki a matse yake, yana iya tsalle ya sami ido. Sayi wata. Kada kuma ka ɗaure kare da ita a gindin bishiya ka tafi. Zai tauna ta cikin ɗan lokaci, ko ta naɗe masa ƙafa.

Ɗana, na san za ka ce Baba ya cika tsawaitawa a kan 'yar igiya. Ku ne kuke cewa karen bana shi ke maganin zomon bana, kuma ban musa ba. Lokacinmu babu irin wannan kaya a nan, da akwai da na saya. Lokacin da ɗan'uwana mahaifinka ya bar ka ka tafi karatu Kaduna kana ɗan shekara 17, mutane sun ce ya sake ka da wuri. Ni na san bai sake ka ba. Ya ga in an kira ka kana amsawa, shi ya sa ya ƙara maka tsawo, idonsa kuwa bai bar kanka ba ko rana ɗaya. Abin da nake roƙonka ka yi wa Guguwa ke nan.

Ranar Asabar bayan sallar asuba ka zo da shi, da igiyar, da katin allurarsa in akwai. In babu, daga nan asibitin dabbobi za mu fara. Sannan mu gangara fili in ga yadda yake amsa kira. Wayar kuwa ka bar ta a aljihu.

Allah ya tsare ka, ya tsare mutane daga abin da ka ajiye, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Naka,
Baba